Manyan tayoyi a motar katkat: abin da ya sa sai an duba haƙoran pon

Duk mai bin tashoshin mota da garejin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Agadas ya san cewa motocin katkat, musamman Toyota Land Cruiser da Hilux, su ne jakunan hanyoyin da kwalta ba ta kai ba. Su ke ɗauko marar lafiya daga ƙauye zuwa asibitin gari, su ke kai kaya da mutane kasuwannin Dakoro, Tanut ko Abalak, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014 buƙatarsu ta ƙaru a arewacin ƙasar. Da yawa daga masu motocin nan kan cire tayoyin da mota ta zo da su, su sa waɗanda suka fi girma, don cikin motar ya ƙara nisa da ƙasa, ta kuma rage kafewa cikin yashi.

Sai dai bayan ƴan kwanaki akan ji koke iri ɗaya. Mota ta yi nauyi wajen tashi, giya ta biyar ba ta ja, gazuwal na tafiya fiye da da, ambrayaj (wanda wasu ke kira kuloci) yana warin ƙuna idan an zo tudu. Wani ya zargi famfon mai, wani ya ce inji ne ya gaji, har a kai ga kwance abin da lafiyarsa lau. Alhali injin yana nan yadda yake. Lissafin da ke tsakanin inji da ƙasa ne ya canza, kuma wurin gyara shi yana cikin pon, wato ƙullutun ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota tsakanin tayoyi biyu.

Abin da ke cikin pon

Ƙarfin inji yakan bi ta bwat ɗin giya, ya shiga kardan, dogon ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota, sannan ya isa pon. A cikin pon akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cizon juna. Ƙaramin, wanda makanikai ke kira pinyon, yana haɗe da kardan. Babban, wato kuron, zagayayye ne kamar faifai, kuma shi ke juya tayoyi. Idan kuron yana da haƙora 43, pinyon yana da 10, sai kardan ya juya sau huɗu da ɗoriya, wato sau 4,30, kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan adadi shi za mu kira lambar pon. Ana samun ta ne ta raba haƙoran kuron da na pinyon.

A motocin Toyota akwai lambobin da aka fi sani. Haƙora 41 da 10 suna ba da 4,10. Haƙora 37 da 9 suna ba da 4,11. Haƙora 43 da 10 suna ba da 4,30, 41 da 9 suna ba da 4,56, 39 da 8 suna ba da 4,88, sannan 37 da 7 suna ba da 5,29.

Mai keke mai giya ya riga ya san ma'anar waɗannan lambobi ko da bai taɓa jin su ba. Idan zai hau tudu yakan maida sarƙa kan babban faranti na baya: ƙafafunsa su yi ta juyawa, keken yana tafiya a hankali, amma turawar ta yi sauƙi. Haka babbar lambar pon take, tana ba mota ƙarfin ja, ta rage mata gudu. Ƙaramar lamba kuwa tana ba da gudu a kan kwalta, inji yana hutawa, amma motar na yin rauni wajen tashi da kaya.

Kamfani ba da ka yake zaɓen lambar ba. Yakan haɗa ta da ƙarfin inji, da nauyin mota, da tsayin tayar da ya sa mata. Mu ɗauki Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984. Nau'in HZJ78 da HZJ79, da suka fito daga 1999, suna da injin gazuwal 1HZ mai silinda shida da lita 4,2, marar turbo. Lambar pon ɗinsu 4,30 ce, kuma yawancinsu suna zuwa da taya 7.50R16, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai kusan santimita 81. Yayarsu HZJ75 tana da 4,11. Taya da pon abokan tafiya ne, wanda ya canza ɗaya ya taɓa ɗayan ko bai sani ba.

Yadda babbar taya ke cin ƙarfin mota

Kowace taya tana da takunta, wato nisan da take ci a ƙasa idan ta juya sau ɗaya. Taya mai tsayin santimita 81 tana cin kusan mita 2,54. Idan aka sa babbar taya irin 255/100R16, mai tsayin kusan santimita 92, takun ya koma kusan mita 2,89. Ke nan da juyi ɗaya na inji ana so motar ta ci ƙasa fiye da da, da kusan kashi 14 cikin ɗari, ba tare da an ƙara wa injin komai ba. Sakamakon shi ne ƙarfin turawa da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari, kamar an cire wa motar kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinta, a kowace giya, har da ta ɗaya da ta baya.

Injin gazuwal yana da iyakar juyin da ya fi jin daɗin aiki a cikinta. Injin 1HZ yana ba da mafi yawan ƙarfin murɗawarsa a wajen juyi 2200 a minti. Da tayar asali, HZJ79 da ke gudun kilomita 80 a awa a giya ta biyar, injinta yana juyi kusan 1900 a minti, bai yi nisa da inda ƙarfinsa yake ba. Da taya mai santimita 92, a wannan gudun dai, juyin ya sauka zuwa wajen 1670. Da zarar an tarar da ɗan tudu ko iska ta fuskanto motar, sai injin ya fara nishi. Direba ya ƙara taka totur, baƙin hayaƙi ya fito, zafin inji ya hau, daga ƙarshe ya koma giya ta huɗu ya zauna a can. Daga nan shan mai yake fitowa. Wajen tashi kuwa, musamman da kaya ko cikin yashi, dole direba ya riƙa jan ambrayaj a hankali kafin motar ta motsa, kuma wannan gogayya ce ke cinye shi kafin lokacinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, motar da aka loda tana aiki a wannan hali ba ta da sauran sarari.

Agogon da ya daina faɗin gaskiya

Akwai wata illa da ba a ji a ƙafa, amma ta fi haɗari. Agogon gudu ba ya ganin hanya, juyi yake ƙirgawa, kuma an saita shi a kan takun tayar asali. Da taya mai santimita 92 a maimakon 81, idan agogo ya nuna 100, motar tana gudun kusan 114. Direba yana ganin yana cikin ƙa'ida alhali ya wuce, kuma nisan da birki ke buƙata ya ƙaru.

Agogon kilomita ma haka. Idan ya nuna 5000, motar ta riga ta ci kusan 5700, ke nan canjin baƙin mai yana zuwa a makare kullum. A hanyar sahara abin ya wuce batun mai. Direban da aka ce wa zai tarar da mararraba ko rijiya bayan kilomita 200, idan ya jira agogonsa ya nuna 200, ya riga ya ci 227, ya bar wurin a baya da nisan da zai iya cinye masa ragowar mai da ruwa. Duk wanda ya canza girman taya ya kamata ya gwada agogonsa da GPS na wayar hannu, ko da duwatsun kilomita na bakin hanya, ya san bambancin ya riƙe a ka.

Lissafin da kowa zai iya yi

Maganin shi ne a ƙara lambar pon daidai gwargwadon yadda aka ƙara tsayin taya. A ɗauki lambar pon ta yanzu, a ninka ta da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. A misalinmu, 4,30 sau 92, a raba da 81, ya ba da 4,88. Idan aka sa kuron da pinyon masu haƙora 39 da 8, injin zai koma juyi kusan 1900 a gudun kilomita 80, kamar yadda yake da tayar asali.

Tsayin taya yana cikin lambobin da ke rubuce a jikinta. A 315/75R16, lamba 315 faɗin taya ce a milimita. Lamba 75 tana nufin tsayin gefen taya kashi 75 cikin ɗari ne na wannan faɗi, wato milimita 236. Lamba 16 kuwa faɗin wili ce a inci, kuma inci 16 milimita 406 ne. A haɗa gefe biyu, na sama da na ƙasa, da wili: 236 da 236 da 406 sun ba da 878, wato kusan santimita 88. Wanda bai son wannan lissafi sai ya sa alli ya yi alama a jikin taya da ƙasa, a tura motar har alamar ta sake dawowa ƙasa, a auna nisan da tef. Idan aka yi haka da tsohuwar taya da sabuwar, ana iya sa taku a madadin tsayi cikin lissafin, amsar ɗaya ce.

Ba kullum amsar ke faɗawa daidai kan lambar da ake sayarwa ba. Da taya mai santimita 88, motar da ke da 4,30 tana buƙatar 4,67, lambar da ke tsakanin 4,56 da 4,88. A nan aikin motar ne ke raba gardama. Wadda ke ɗaukar buhuna da jarkoki tana bin yashi da laka ta fi dacewa da 4,88. Wadda yawancin tafiyarta a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ne, ba tare da kaya mai nauyi ba, 4,56 ta ishe ta, don kada inji ya yi ta kururuwa a dogon gudu. Motar da ke da 4,11 kuwa lissafinta 4,47 ne, don haka 4,56 ce mafi kusa.

Wuce gona da iri ma yana da nasa farashi. Yayin da lamba ke hawa, pinyon yana ƙanƙancewa, daga haƙora 10 zuwa 8, har zuwa 7 a 5,29. Ƙaramin pinyon ya fi saurin karyewa idan taya ta yi ta juyawa a banza cikin yashi ta zo ta cafki ƙasa mai tauri bagatatan.

Yadda za ka san lambar pon ɗin motarka

Akwai lambar pon a cikin alamomin da ke kan farantin ƙarfen da kamfani ya liƙa a jikin mota. Amma yawancin motocinmu na hannu ne, sun bi ta hannun mutane da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa canza pon gaba ɗaya da na wata mota. Gara a gwada. A tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, a tokare tayoyin gaba da duwatsu, a cire giya da birkin hannu, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a sa mata madogara mai ƙarfi. A yi alama da alli a jikin tayar da kuma jikin kardan. Mutum ɗaya ya juya tayar sau 20, wani ya ƙirga juyin kardan daga gefe. Idan kardan ya juya sau 43, lambar 4,30 ce. Idan sau 41 ne, 4,10 ce ko 4,11. Idan tayar ta ƙi juyawa ita kaɗai, pon ɗin irin mai riƙe tayoyi biyu tare ne, sai a ɗaga duka biyun a juya su tare sau 10, ƙirgar ɗaya ce.

Pon biyu, lamba ɗaya

Motar katkat pon biyu gare ta, na gaba da na baya, kuma dole lambarsu ta zama ɗaya. A nan ne neman sauƙi ke jawo babbar asara. Land Cruiser 70 da yawancin Hilux suna tafiya da tayoyin baya ne kawai a kan kwalta, don haka wanda ya canza haƙoran baya kaɗai ba zai ga komai ba sai ranar da ya sa katkat. A ranar, bwat ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya zai ɗaure kardan biyu su juya tare, alhali tayoyin gaba suna son wani gudu, na baya suna son wani. Cikin yashi mai laushi tayoyi kan ɗan zame su rage matsin, amma da an taka ƙasa mai tauri, wani ƙarfe ne zai ba da kai: haƙoran pon, kardan, ko bwat ɗin kansa. Garin neman gira a rasa ido.

Wannan ƙa'ida ta shafi tayoyin su ma. Duka huɗun, har da safaya, su zama tsayi ɗaya. Mai manyan tayoyi huɗu da ƙaramar safaya bai da safaya. Sannan kayan gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne: a HZJ75, HZJ78 da HZJ79, kuron na baya inci 9,5 ne, na gaba inci 8, kuma yankan haƙoransu daban. Mai saye ya faɗi nau'in mota da shekararta, ya ƙirga haƙoran da hannunsa kafin ya biya.

Aikin gwani ne

Kuron da pinyon tare ake goge su a masana'anta har haƙoransu su saba da juna, don haka tare ake sayen su, tare ake sa su. Haɗa kuron na wannan mota da pinyon na waccan, ko da adadin haƙoran ya dace, yana kawo kuka da saurin lalacewa.

Wajen ɗaurawa akwai abubuwa uku da ba a yin su da ido. Na farko, zurfin shigar pinyon cikin kuron, wanda ake daidaitawa da siraran faranta na ƙarfe. Na biyu, ɗan wasan da ke tsakanin haƙora, wanda a waɗannan motoci yake tsakanin 0,13 da 0,20 na milimita gwargwadon irin pon, kuma da agogon awo ake gane shi. Na uku, matsin rulma (boris), wanda idan ya yi yawa pon ya yi zafi, idan ya yi kaɗan haƙora su riƙa rawa. Daga ƙarshe makaniki yakan shafa ɗan fenti a haƙoran kuron ya juya, ya duba inda pinyon ya taɓa: sawun ya kamata ya zauna a tsakiyar haƙori. Kafin ka ba da motarka, ka nemi ganin agogon awon da kuma sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Garejin da ba shi da su, ko ya iya sauran aiki, wannan ba nasa ba ne. A kuma sa sabbin rulma da sabbin robobin hana mai zuba tun da an riga an buɗe.

Sabbin haƙora suna buƙatar lallashi. Masu ƙera su kan ba da shawarar a yi kilomita 800 na farko ba tare da kaya mai nauyi ko dogon gudu ba, a riƙa tsayawa pon ya huce, musamman a tafiye-tafiyen farko, sannan a zubar da man a sa sabo mai lamba GL-5. Kukan da ya fara tun ranar farko ba ya tafiya da kansa, alama ce ta saiti bai yi ba, a koma gareji kafin haƙoran su ci juna.

Abin da sabbin haƙora ba su gyarawa

Canza lambar pon yana maido da ƙarfin ja, amma babbar taya tana nan da girmanta da nauyinta. Birki yana shan wahalar tsayar da ita fiye da ƙarama. Rulman wili, gaɓoɓin da ke juya tayoyin gaba da kayan sitiyari duk suna ɗaukar ƙarin nauyi, musamman a hanya mai gargada. Motar ta ƙara tsawo, ke nan ta fi saurin kifewa a kwana idan an loda kaya a sama. Tayar na iya gogar bodi idan an karya sitiyari. Agogon gudu kuwa, a motocin da ke ƙirga juyi daga bwat, irin tsofaffin Land Cruiser, yana komawa daidai bayan an canza haƙora. A motocin da ke ƙirgawa daga wili, irin sabbin da ke da ABS, kuskuren yana nan sai an saita shi daban. Sai kuma batun samu: 7.50R16 taya ce da aka saba da ita a garuruwanmu, amma wanda tayarsa mai inci 35 ta fashe a daji yana iya kwana yana jiran a kawo masa daga babban gari.

Kafin a kashe kuɗi

Ya kamata mai mota ya auna abin da zai samu da abin da zai biya. Cikin mota ba ya ɗagawa sai da rabin abin da aka ƙara wa tsayin taya. Daga santimita 81 zuwa 88, pon ya ƙara nisa da ƙasa da santimita uku da rabi kawai. Daga 81 zuwa 92, biyar da rabi. Ga mai bin hanyar da manyan motoci suka haƙa wa zurfafan sawu, waɗannan santimita suna iya zama bambanci tsakanin wucewa da zama a kan ciki. Ga mai yawo cikin gari da zuwa ƙauye jefi-jefi, ado ne mai tsada.

A cikin yashi kuwa, abin da ya fi girman taya tasiri shi ne iskar da ke cikinta. Direbobin sahara sun daɗe da sanin cewa idan aka rage iska zuwa wajen kilo ɗaya ko sama da haka kaɗan, gwargwadon kaya, tayar takan shimfiɗe ta yi tsawo a ƙasa, motar ta hau kan yashi a maimakon ta haƙa shi. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, a kuma maida iskar da zarar an fito kan dutse ko kwalta, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Famfon iska mai kyau bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Idan ƙarin tsayin bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, kamar Hilux da ta tashi daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, ko Land Cruiser da ta koma 255/85R16 mai santimita 84, yawanci ana iya barin pon yadda yake, a dai riƙe bambancin agogo a ka. Injuna masu turbo sun fi jure wannan fiye da 1HZ. Amma idan ƙarin ya doshi kashi 10 ko ya wuce, kuma motar ta neman abinci ce mai ɗaukar kaya kullum, to a sa kuɗin haƙoran pon biyu da na aikin gwani cikin kasafin tun kafin a sayi tayoyin. Idan kuɗin bai kai ba, gara a sayi tayoyi masu kyau na asalin girman motar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: wanda ya sa manyan tayoyi ya bar pon yadda yake, zai biya kuɗin ne a gidan mai da wajen mai gyaran ambrayaj.